Tafki na Bakwai

Shekara goma sha biyu keken nan ya yi a rataye a ɗakin Bala Tela, tayoyinsa ba su taɓa ƙasa ba. Baƙin keke ne mai gidan sarƙa, mallakar Sylvester mai gyaran kekuna, wanda rumfarsa ke manne da shagon Bala a unguwar Laranto ta Jos. A rikicin sittin da shida, da zaman Jos ya gagari 'yan kabilar Ibo, Sylvester ya turo keken har tsakar gidan Bala ya ce, "Riƙe mini, Tela. Saura tafki ɗaya." Daga nan ya wuce tashar jirgi da iyalinsa.

Zancen tafkin kuwa tsohon sha'aninsu ne su biyu. Masu haƙar kuza sun bar manyan ramuka a bayan gari, ruwa ya cika su. Sylvester ya zana guda bakwai a bayan kwali, da hanyar zuwa kowanne, suka ɗauki alkawarin kewaya su duka a kan keke. Duk Lahadi idan Sylvester ya taso daga coci sai su hau, su bi ta Rayfield, su nausa cikin duwatsu. Shida suka yi. Na bakwai, wanda ke can gindin duwatsun Shere, shi ne rikici ya hana.

Bala ya riƙe amanar nan fiye da kima. Kowace Juma'a da safe sai ya hau kujera da man keken ɗinkinsa, ya bi sarƙa da feda yana ɗiga musu, ya goge ƙarfen har ya ga fuskarsa a ciki. Ba wanda ya isa ya hau, har shi kansa. Matarsa Tabawa takan tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, da ni kake kula da ita haka, da yanzu ina sheƙi." Rumfar Sylvester ma bai bari ta kuɓuce ba. Ya cika ta da buhunan ƙyallaye, ya sa kwaɗo, duk wanda ya zo nema ya ce masa mai ita ya yi tafiya.

Wata Asabar a ƙarshen daminar saba'in da takwas, Bala yana taka keken ɗinki sai inuwar mutum ta rufe masa haske. Ya ɗaga kai zai yi faɗa, sai ya ga mai inuwar. Sylvester ne, ya rame, furfura ta cinye kansa. Suka rungume juna, amma Bala ya ji kamar ƙyaure ya runguma. Sylvester ya ce yanzu a Aba yake, yana tsaron shagon surukinsa. Takardar baftismar 'yarsa Bernadette ya zo karɓa a coci, za ta yi aure, kuma tikitin jirgin Litinin yana aljihunsa. Ko sau ɗaya bai juya ya dubi rumfar ba.

"Kekenka yana nan," in ji Bala.

"Na bar maka. Ni tun da na tafi ban sake taɓa sifana ba."

Maganar nan ta soki Bala ƙwarai. Ya gane cewa abin da abokinsa yake gani idan an ce Jos bai wuce ranar gudun nan ba, kuma idan ya hau jirgin Litinin a haka, shi ke nan, ba zai ƙara dawowa ba. Bala mutum ne mai taurin kai, duk Laranto an san shi, ko wando ka kai masa ka ce ya rage tsawo sai ya yi yadda shi ya ga ya dace. Ya buɗe akwatin zare, ya zaro kwalin nan da ya yi laushi don tsufa, ya shimfiɗa a kan teburin yanka.

"Gobe bayan coci," ya ce. "Ba roƙonka nake yi ba, Silba. Kai ka ce saura ɗaya."

Washegari Bala ya sauko da keken da kansa, ya ba tayoyin iska, ya matsa da yatsa ya ji tauri, ya yi murna. Suka hau, Sylvester a baƙin keken, Bala a nasa. Suka ratsa gari, suka shiga Rayfield, inda manyan gidaje ke ɓoye a bayan itatuwa, motoci na wuce su ɗaya ɗaya. Bala yana gaba yana ta zuba: ga tafkin farko inda ka faɗi a taɓo, ga na uku inda muka ci gasasshen dankali. Sylvester yana biye, idonsa a kan tayar gaba, amsarsa ba ta wuce "to".

Da kwalta ta ƙare suka kama hanyar burji, daga ita kuma 'yar siririyar hanya tsakanin gonakin acca masu shingen ƙyarana. Ƙasa ta fara tashi. Gwiwoyin Bala suka shiga tuna masa cewa ya ba hamsin baya, numfashinsa na fita da ƙyar, amma ya ƙi sauka don kada Sylvester ya sami dalilin cewa a koma. Duwatsun Shere suna gabansu, baƙaƙe, kamar an jibga su da gangan. Bisa ga kwalin, saura hawa ɗaya da gangara.

A tsakiyar hawan nan ne tayar baya ta keken Sylvester ta fashe da ƙara kamar bindigar toka.

Sylvester ya sauka, ya tsuguna. Gefen tayar ya tsage tsawon tafin hannu. Ya murza robar da yatsa, sai ta marmashe kamar busasshen ƙuliƙuli. Ya dubi ta gaba, ita ma duk ta yi tsaga-tsaga.

"Tela, wa yake hawan keken nan?"

Bala ya miƙe ƙirji. "Wallahi ko ƙuda ban bari ya sauka a kai ba."

"Shekara goma sha biyu?"

"Cif."

Sylvester ya dafe kai. Sai kuma murya ta fito masa, tsohuwar muryar nan da yake yi wa masu kawo masa keke bayan sun gama lalata shi. "Kai wane irin mutum ne? Keke ba rigar Salla ba ne da za ka ninke ka sa a akwati. Roba idan bai yi aiki ba mutuwa yake yi. Ka goge ƙarfe, ka goge ƙarfe, ka bar taya ya ruɓe a sama."

Kunya ta rufe Bala. Shi tela ne, abin da ya sani shi ne kayan da ba a sa ba ba ya tsufa, bai taɓa kawo wa ransa cewa kiyayewar tasa ce ke kashe keken ba. Ya tsaya yana kallon tsagar.

Faɗan Sylvester bai daɗe ba ya mutu. Ya miƙe yana kaɗe hannu ya ce, "Mu koma. Ba rabo."

Bala ya jingine nasa keken a jikin dutse, ya sunkuya ya saɓi na Sylvester a kafaɗa, ya fuskanci hawan. Keken da nauyi, feda tana dukan haƙarƙarinsa, takalminsa na zamewa a kan tsakuwa. Ya yi taku goma, ya yi ashirin.

"Ina za ka?"

"Tafki na bakwai. Kai koma idan ka ga dama. Shi dai keken sai ya je."

Sylvester ya tsaya yana kallon tsohon tela yana tangaɗi da keke a wuya. Akwai abin da mai sana'a ba ya iya jurewa, ko da ya rantse ya bar sana'ar. Ya bi shi da sauri ya riƙe kariyar keken.

"Sauke. Ba za a ɗauki keke a kafaɗa ina tsaye ba. Mutane za su ce me?"

Babu kowa a wurin sai wasu awaki biyu, amma Bala ya sauke.

Sylvester ya kifa keken, ya kwance 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi. Sifanoninsa suna ciki, kowanne a cikin ɗan kube da Bala ya ɗinka masa, ko ɗigon tsatsa babu. Ya juya su a hannu. Sannan ya ce, "Yanko ciyawa. Mai laushi, da yawa."

Bala ya shiga tsigar ciyawa a gefen gona har tafin hannunsa ya yi ja. Sylvester ya zare tayar, ya fitar da mataccen tib ɗin, ya riƙa murɗa ciyawa yana cusawa, yana dannawa da ƙotar sifana. Yatsunsa da farko suna lalube, can sai suka tuna hanya, suka riƙa gudu da kansu. Da aka zo wurin tsagar ya ce ana bukatar abin ɗauri. Bala bai yi wata-wata ba ya kama bakin rigarsa, sabuwa fil, ya keta dogon ƙyalle. Suka naɗe tsagar tamau.

"Tabawa za ta kashe ka," in ji Sylvester.

"Ni na ɗinka, ni zan gyara. Hau mu gani."

Keken ya tafi, yana ɗingishi, yana tsalle duk lokacin da ƙullin ya taɓa ƙasa, amma ya tafi. Sau biyu suka tsaya aka ƙara ciyawa. Suka gama hawan da turi, suka gangara a hankali suna jan birki.

Tafkin yana nan inda kwalin ya ce, ya ma fi zanen girma. Ruwan kore shar, duwatsu sun kewaye shi ta gefe uku, inuwarsu kwance a ciki. La'asar ta yi, Bala ya gangara ya yi alwala, ruwan da sanyi har cikin haƙori. Da ya idar da salla ya waiwaya, sai ya ga Sylvester zaune kan wani falalen dutse, kwalin a gwiwarsa, yana kuka ba ɓoyewa. Bala ya ƙyale shi, ya yi ta jan addu'a fiye da yadda ya saba.

Da ya zo ya zauna kusa da shi, Sylvester ya riga ya share fuska, ya jawo keken yana juya ƙafar gaba yana saurare.

"Ji wannan ƙara? Giris ya bushe. Ka yi ta zuba masa man ɗinki, man ɗinki ruwa ne. Taya biyu, tib biyu, robar birki duka. Sai an kwance shi gaba ɗaya."

Bala ya yi kamar tafkin yake kallo. "Sai in kai wa wani mai gyara bayan ka tafi."

"Wa? Waɗannan da suke gyara da guduma?" Sylvester ya ja tsaki. Ya sake juya ƙafar, ya bar ta ta tsaya da kanta. "Aikin nan ba zai ƙare kafin jirgin gobe ba."

"Akwai jirgi wani makon. Akwai na makon sama ma."

Sylvester ya goge hannu a wandonsa. Sannan, ba tare da ya dube shi ba, ya ce, "Wa yake rumfana yanzu?"

Bala ya sa hannu a aljihun yagaggiyar rigarsa, ya fito da ɗan mabuɗi a jikin zare, ya ajiye a kan kwalin, daidai kan tafki na bakwai.

Sylvester ya ɗauka ya juya shi. "Shi ma rataye shi ka yi?"

"Ƙyallaye na zuba a cikin rumfar."

"To gobe da sassafe ka kwashe tsummokaranka," in ji Sylvester. "Ina da aiki."