Saiwar da Aka Binne da Taki

Da aka sayar da gidan Inna bayan rasuwarta, 'yan'uwana kujeru da tukwane suka kwasa. Ni saiwar airis na tono daga bakin rijiya, furen da take ji da shi kamar ɗan fari. Kauri gare ta kamar citta, ganyenta kuma tsaye kamar wuƙa.

Na dasa ta a ɗan filin da ke jikin katangarmu, inda bishiyar maƙwabci ke tare rana tun kafin azahar. Shekara ta zagayo, ganye kawai. Wata ta sake zagayowa, ganye dai. Haushi kamar in tsige ta in huta, amma ina, babu irinta a ko'ina kuma, don wanda ya sayi gidan ya shafe tsakar gidan da siminti.

Sai bana na tuna yadda Inna ke yi. Ba ta binne saiwar, bayanta take bari a waje rana na dukansa, ruwa kuma sai ƙasa ta bushe ƙarau. Saiwar ta riga ta yi 'ya'ya, sai na tone su duka na dawo da su gaba-gaba, inda hasken safe ke daɗewa. Can baya cikin inuwa na jera wasu shuke-shuke masu faɗin ganye, na'a-na'a kuma na tsare ta a tukunya don kar ta mamaye wurin. Har sabon tohon airis ɗin ya fara leƙowa.

Ana haka 'yarmu ta haihu, na tafi zaman jego. Maigidan nawa kuwa bai daɗe da yin ritaya ba, hannunsa na ƙaiƙayi, komai ya gani sai ya gyara.

Ranar da na dawo, tun daga ƙofa ya tare ni da fara'a.

"Zo ki ga aiki," in ji shi. "Na tarar da saiwoyinki tsirara a rana, tausayi ya kama ni. Na rufe su da taki, ruwa kuwa safe da yamma ban taɓa fashi ba."

Ko mayafi ban cire ba na durƙusa na sa hannu. Masu faɗin ganyen sun yi shar, su kam biki ya same su. Airis ɗin kuwa, ina jan ganye sai ya zaro salin-alin, gindinsa ya narke, ga wari kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Na tona wannan, na tona wancan, duk kanwar ja ce.

"Malam, wa ya aike ka?" na ce. "Na ce maka suna jin sanyi ne?"

"Taimako na yi."

"Gwanin taimako. To ka taimaka ka kashe mini Inna karo na biyu."

Na san maganar ta yi nauyi, amma ban janye ba, don raina a ɓace yake. Na ci gaba da tono har ƙarshen filin ko zan dace da guntu mai tauri. Ban samu ko ɗaya ba.

Can ya tsuguna kusa da ni, ya ce a hankali, "Zan nemo miki wani. Wane launi ne furen?"

Na buɗe baki in ce shuɗi, sai na ji kamar ya fi kusa da shunayya. Na rufe ido na nemo bakin rijiyar Inna. Ga ta nan tsaye da bokitinta, ga ganyen, amma furen ya ƙi zuwa.