Rabon Rana a Cikin Balan-balan

Mai-awo ya tsufa a gindin buhunan hatsi, kuma abin tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa tauye mudu ba. In ya auna sai ya yi tozo, ya tare da tafin hannu kada ƙwaya ta zube. Saboda haka ranar da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, za ta buɗe shagon ɗinkinta, da ya yi alkawarin ƙawata mata ƙofa da balan-balan, ya ɗauki abin a matsayin awo.

Da sanyin safiya ya zauna a falo, fanka na kaɗawa, yana hurawa har jijiyoyin wuyansa suka fito. Kowace sai ta yi tam tana sheƙi kafin ya ɗaure bakinta da zare. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama don tana koyar da kimiyya a sakandare, tana taya shi. Nata kuwa duk da ɗan laushi.

"Malama, wannan ai ha'inci ne," in ji shi, yana latsa ɗaya. "Yunwa take ji?"

"Baban Auta, ƙofar shagon nan rana take kallo. Iska ba gero ba ce. Ƙwayoyinta yawo suke yi suna dukan bangon roba. In ta ji zafi sai su ƙara gudu, dukan ya ƙaru, robar ta buɗe. In babu sauran wurin buɗewa fa?"

"Ni ba ɗalibinki ba ne."

"Da ɗalibina ne da ka maimaita aji."

Ya yi dariya, amma abin ya tsaya masa a rai. Idan mutum ya rage da gangan, ko da niyyarsa kyakkyawa ce, ba ragi ya yi ba? Ya ci gaba da cika nasa. Suka jera su, nasa a dama da ƙofar shagon, nata a hagu.

Da hantsi gefensa ya fi kyau, ya kuma tabbatar kowa ya sani. Auta na ta shiga da fita tsakanin kekunan ɗinki, tana gyara zaman yadudduka, tana leƙen titi ko wani zai tsaya. Babu wanda ya tsaya.

Rana na haurowa kan rumfar kwano, ta farko a gefensa ta fashe. Mai shagon takalma da ke maƙwabtaka ya zubar da shayinsa. Ta biyu ta bi, ta uku ta ja ta kusa da ita.

"Baba, ado ka yi min ko yaƙi ka kawo?" in ji Auta, dariya a bakinta, idonta kuwa ya cika da ƙwalla.

Wannan ƙwallar ce ta tayar da shi. Ya hau kujera, ya shiga kwance zare ɗaya bayan ɗaya yana sassauta iska, kowace na kuka kamar ɗan akuya. Tauye mudu yake yi da hannunsa, a bainar jama'a. Da ya waiwaya hagu sai ya ga na Malama sun cika tam, suna sheƙi, babu wanda ya ƙara musu ko numfashi ɗaya.

Ƙarar kuwa ta tara mutane. Waɗanda suka zo kallon tsoho a kan kujera suka ƙare da shafa yadi, har Auta ta ɗauko tef ta fara gwada wata mata.

Da ya sauko, Malama ta miƙa masa ruwa.

"Ba ragi kika yi ba," ya ce bayan ya kurɓa. "Rabon rana kika ajiye mata."

"Haka zan rubuta a allo gobe."

Sai ga matar da ake gwadawa tana roƙon ɗaya don ɗanta. Mai-awo ya ɗauko sabuwa ya hura. Da ta kusa cika ya tsaya, kumatunsa a kumbure da sauran iskar, hannunsa na ƙaiƙayin tozo. Ya saci kallon Malama, ya furzar da iskar gefe, ya ɗaure.

"Riƙe, 'yata," ya ce. "Sauran za a cika miki a hanya."