Ranar Sunan Lamba Sha Bakwai

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma har yanzu in na tuna shi sai in kai hannu in shafa bayana.

Bari dai ku fara sanin mai mafarkin. Sunana Mati, tela ne ni a Funtuwa. Shekara ashirin ke nan ina yanka lambobi ina ɗinka wa 'yan ƙwallo a bayan riga. Ni ma na taɓa ƙwallon a zamanina, shekara tara cur a kan benci, da wata riga mai baya wayam, wadda aka ce za a sa mata lamba in an sayo yadi. Har na yi aure ba a sayo yadin nan ba. Abin yana cina har gobe, ba zan ɓoye muku ba.

To, a mafarkin sai na gan ni a wani gari inda ruwa daga ƙasa yake tsattsafowa ya tafi sama. Kowa ya naɗe ƙafar wando, ya riƙe lema ta ƙasa yana tafiyarsa. Wani bunsuru mai hular hana-sallah ya tare ni, ya ce shi ne kocin ƙungiyar garin, kuma sun saye ni. Na ce ƙwallon ƙafa? Ya ce a'a, besbol: a jefo maka ƙwallo, ka maka mata kulki, ka yar da kulkin ka ruga a guje. Na ce masa ni fa sau ɗaya na taɓa ganin wasan nan, shi ma a talabijin. Ya ce shi ya sa na yi tsada.

Sai ga mu a ofis. Akuyar da ke bayan tebur ta maƙala tabarau, ana ce mata Hajiya Sakatariya. Na dangwala yatsa a takardar kwantiragi, ta karɓa, ta tauna, ta haɗiye, ta ce an adana a fayil. Sannan ta ɗauko wata riga fara ƙal, ta juya mini bayanta. Sha bakwai. Ɗinkin ma ya yi, ni da nake sana'ar ban ga inda zare ya karkace ba. Na miƙa hannu, ta buge mini shi da kofato.

Ta ce lambar jaririya ce, yau aka haife ta, ba za ta zama tawa a hukumance ba sai an yi suna. Wasa kuma gobe ne, duk wanda lambarsa ba ta tabbata ba, benci zai zauna. Ina jin ta ambaci benci sai na matso jikin tebur. Na tambaye ta yaushe ne sunan. Ta ce kwana bakwai mana, kamar na kowa. Na ce ai kafin nan an tashi wasa har an share fili. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce a garinsu kwanaki da baya suke tafiya, don haka sunan makon jiya ne, in hanzarta kada in makara.

Na zuba da gudu da baya da baya, na isa makon jiya ina haki.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar ofis, ana rabon goro da dabino. Wanzami ya riga ya yi wa rigar aski, duk ya kwashe 'yan zarurrukan wuyanta. Wanda zai raɗa sunan kuwa wani tsohon rago ne mai murɗaɗɗen ƙaho. Na matsa kusa da koci na tambaye shi a hankali, in rago ne mai raɗa suna, to wa za a yanka? Duk suka juyo suna kallona, suna tuƙa. Wallahi sai da na ji wuyana ya yi sanyi. Can sai aka jawo wata ƙatuwar kabewa da igiya, tana turjewa, ƙarti huɗu suka kayar da ita.

Ragon ya ɗaga rigar, ya yi mata raɗa a hammata. Sanƙira ya ɗaga murya ya ce suna Sha Bakwai, Allah ya raya. Aka zura mini ita, ta zauna ɗas kamar ni na auna. Na ce alhamdulillahi, an gama ke nan. Hajiya Sakatariya ta ce saura ƙiris. Wai lamba ba ta kama bayan mutum sai wani ya kira shi da ita daga baya, shi kuma ya waiwaya. Na juya mata baya na ce to bismillah, ta kira. Ta ce doka ta hana a kira ɗan wasa da lambar da ba ta tabbata ba.

"To ta yaya za ta tabbata in ba a kira ba?" na tambaye ta.

"Akwai ofishin da ke amsa wannan tambayar," in ji ta, "amma ruwa ya yi sama da shi tun bara."

Sai ga ni a bakin filin wasa, ya cika maƙil, ana shirin farawa. Na shiga bin 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya, in tsaya gaban mutum in juya masa baya kamar mai tallan riga. Wani ya ce a'a, Mati tela, yaushe a gari? Wani ya ce in kauce na tare masa. Wani ma cewa ya yi ina wandonsa da na ce ya zo ya karɓa ran Laraba. Kai, mutane ba su da kirki. Shekara ashirin ina sa wa 'ya'yansu lamba a baya, a rasa mai kiran tawa ko sau ɗaya.

Ina ji lambar ta fara saɓulewa. Ɗaya ɗin ya zame ya sauko ƙuguna, bakwai ɗin yana lilo da zare ɗaya tal. Benci kuwa ya taso da ƙafafunsa huɗu yana bina sannu a hankali, yana kiran sunana kamar tsohon aboki, wai in zo mu zauna, ya yi kewata. Hawaye suka zo mini, su ma suka yi sama.

Alƙalin wasa ya ɗaga ludayi ya fara buga tukunya, alamar a fara. Ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Na buɗe ido. Asabe ce, matata, take kaɗe ludayi a bakin tukunyar koko a tsakar gida. Ashe barci ne ya kwashe ni a kan rigunan wata ƙungiya da na kawo gida in ƙarasa. Na miƙe jiki duk ciwo, na fito na wuce ta gabanta zan ɗauki buta, sai na ji ta tuntsire da dariya. Lambobi biyu cikin waɗanda na shafa wa gam ne suka manne a bayan singiletina.

"Malam Sha Bakwai," in ji ta, "a zo a ɗauki koko kafin ya huce."

Kafin ta rufe baki na waiwaya.