Rigar Gola

"Ɗaga haɓarka kaɗan, Baba," in ji Auta, yana shafa kumfa a ƙarƙashin gemun mahaifinsa.

Tsohon ya ɗaga, amma bakin bai yi shiru ba. Shi dama haka yake, ko reza na kan maƙogwaronsa sai ya kai ƙarshen zancen ƙwallo.

"Tela ya zo duba ni jiya, yana ta cika mini baki wai bayan ƙungiyarmu ya gyaru."

"To ai gaskiyarsa ce. Tun da aka kawo sabon koci, wa ya zura mana ko ɗaya?"

"Za a ci mu," tsohon ya ce.

Mutumin da ke gadon kusa ya yi dariya har ya dafe cikinsa inda aka yi masa aiki. Bai san cewa sunan tsohon ke nan ba. Tun yana da ƙarfinsa yana walda, a filin wasa ko a gindin rediyo, da zarar abokan hamayya sun sami bugun kusurwa sai ya ce, "Za a ci mu." In an ci, ya ce ai ya faɗa. In ba a ci ba, ya ce saura na gaba. Har sunan ya bi shi, yaran unguwa ma Baba Za-a-ci-mu suke kiransa. Kuma duk da haka babu wanda ya kai shi son ƙungiyar nan. Ya sha ruwan sama dominta, ya sha zagi dominta.

"Na sha gaya maka," ya ci gaba, Auta na goge masa wuya da tawul, "in kana son sanin ko baya ya gyaru, kada ka kalli sakamako. Ka dubi rigar gola in an tashi. In ta fito fes, to 'yan baya sun yi aikinsu. In ta fito dumu-dumu da ƙasa, shi kaɗai ya yi ta faɗuwa yana rufa musu asiri. Wannan yaron kullum kamar an tono shi daga rami yake fita."

Auta ya yi murmushi. Shi yau ko me Baba zai ce, daɗi yake ji. Watanni ke nan ciwon baya ya kwantar da tsohon, ko juyawa sai an juya shi. Sai ga shi a 'yan kwanakin nan, tun da aka canza masa allura, yana zama da kansa, yana cin abinci har ya nemi ƙari. Jiya ma ya taka har bakin taga, ya tsaya yana kushe waldar ƙarfen tagar.

Likita ya shigo zagayen safe, nas na biye da shi da fayil.

"Baba, yaya bayan?"

"Likita, lamba biyar ɗin nan ba ya juyawa da wuri. Ranar da ya gamu da ɗan gaba mai gudu, shi ke nan."

"Naka nake tambaya, Baba."

"Au, nawa? Nawa da sauƙi sosai."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har da nas. Likitan ma ya dara, amma da zai fita sai ya taɓa kafaɗar Auta, ya ce ya same shi a ofis.

Ofishin ƙarami ne, fanka na juyawa a hankali. Likitan ya ɗaga hoton ƙashin bayan a jikin fitila, ya nuna wasu wurare da bakin biro. Auta bai ga komai ba sai fari da baƙi.

"Allurar nan kumburi take ragewa, shi ya sa kuka ga ya miƙe. Ciwon kansa yana nan. Ya ma ci gaba, ya kai inda ba za mu iya yi masa aiki ba."

Auta ya sake duban hoton. "Amma sauƙin nan, likita, zai ɗore?"

"Ba zai ɗore ba. Ba na son in yi maka ƙarya. In akwai abin da yake so, ku yi masa yanzu da yake da ƙarfin jin daɗinsa."

Auta bai koma ɗakin ba. Ya aika nas ta ce wa Baba an kira shi shago, zai dawo da la'asar su ji wasa tare. Jakar kayan askinsa ma a can ya bar ta, a ƙarƙashin gado.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne alkawari. Ranar da aka kwantar da tsohon, ya riƙe hannun Auta gam, ya ce, "Yayarka tausayi ya yi mata yawa. Kai na yarda da kai. Duk abin da likita ya ce, ka faɗa mini yadda ya faɗa, kada ku mai da ni yaro." Auta kuwa ya ce ya ɗauka. A lokacin ya zaci abu ne mai sauƙi.

A cikin bas ya kira Yaya. Da ya gaya mata abin da likita ya ce, sai ya ji tana jan hanci.

"Kada ka faɗa masa, Auta."

"Yaya, na yi masa alkawari."

"Alkawarin me? Mutum ya samu yana dariya, yana cin abinci, kai kuma ka je ka karya masa zuciya? Ka bar shi ya ci 'yan kwanakinsa cikin daɗi. Ni dai ban yarda ba."

"To in ya tambaye ni fa?"

"Ka ce da sauƙi. Kowa ma haka yake cewa."

Da ya isa shagon askinsa ya tarar an riga shi. Ranar wasa ce, kuma benci a ƙofar shagon nan shi ne majalisar magoya baya tun zamanin da Baba ke da wurin walda a gefe. Tela na nan da tef ɗin awo rataye a wuya, Direba ya ajiye motarsa a inuwa yana jiran a rage masa suma, ga Mai-gyaran-waya yana ta latse-latse.

Auta ya buɗe shago, ya ɗaura wa Direba ƙyalle a wuya, ya kunna inji. Musu ya ci gaba a bayansa.

"Ni dai na ce wannan karon da gaske ne," in ji Tela. "Ka ga yadda suke fitowa tare su kama mutum a satar gida? Da fa kowa gabansa yake yi, kamar masu gudun ruwa."

"Da wa muka buga?" Direba ya ce, yana kallonsa ta madubi. "Duk ƙananan ƙungiyoyi ne. Bari mu gamu da manya yau ka ga yadda za a yi mana ruwan ƙwallaye."

"Kai dai bakinka ba ya faɗin alheri. Ka zama almajirin Za-a-ci-mu ƙarfi da yaji."

"Sabon koci ne kawai," Mai-gyaran-waya ya sa baki ba tare da ya ɗago ba. "Duk sabon koci haka ne. Kowa na son ya burge shi, sai a yi ta gudu. In an kwana biyu jiki ya gaji, sai ciwon ya dawo inda yake. Ba magani aka yi ba, zafin aka kwantar."

Injin ya zame a hannun Auta, ya yi wa Direba hanya a ƙeya, fara tas.

"Kai, Auta, me na yi maka?" Direba ya shafa wurin. Tela ya leƙo, ya kwashe da dariya, ya ce ga bayan da bai gyaru ba nan.

Auta ya ba da haƙuri, ya ce sai dai a kwashe duka. Tun da yake aski bai taɓa yin irin wannan ba, kuma Tela ya lura.

"Lafiya dai? Jiya na bar tsohon garau, har yana zagin lamba biyar. Bayan ya gyaru, ko?"

Auta ya dubi kan Direba, ya ce, "Da sauƙi."

Kalmar ta fito masa ba wuya, abin da ya ƙara ba shi tsoro ke nan. Tela ya ce madalla, ya ce in haka ne wasan gida na gaba za su ɗauko tsohon a motar Direba su kai shi fili, ko a keken asibiti ne, ya ga bayan da idonsa ko ya daina yi musu baƙin baki. Kowa ya ce haka za a yi. Auta ya karkaɗe ƙyallen, ya share gashi, ya rufe shago tun rana na sama.

A harabar asibiti akwai famfo kusa da inda masu jinya ke wanke kwanuka. Nan ƙafafunsa suka tsaya. Tun safe yake ta maza, a nan abin ya ƙwace masa. Ya durƙusa kamar mai wanke fuska, ya yi kuka sosai, irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Wata mata ta matsar da kwanukanta ta ba shi wuri. Da ya gama ya watsa ruwa a fuska, ya goge da gaban rigarsa, ya gwada murmushi a gilashin wata mota. Sai da ya ga idon ya washe sannan ya shiga. Har ya kai bakin ƙofa bai san abin da zai faɗa ba.

Baba na zaune, an jingina masa filo, ƙaramar rediyonsa a kan cinya.

"Ka makara, har an take."

Auta ya ja kujera ya zauna. Tsohon bai dubi fuskarsa ba. Rigar ya duba, daga wuya har ciki a jiƙe, ga ƙasa a gwiwoyin wando inda ya durƙusa. Ya daɗe yana kallo.

"Rigarka ta jiƙe."

"Zafi ne, Baba. Fuska na wanke."

"To," in ji tsohon, ya ƙara muryar rediyo.

Wasan ya yi zafi. Manyan nan sun danne su tun daga farko, mai sharhi sai kiran sunan gola yake yi: ya tare, ya doke, ya faɗi ya tashi. Sau ɗaya turken raga ne ya cece su. Mutumin gadon kusa sai salati yake yana dafe ɗinkinsa. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci, aka dawo babu ci. Auta yana jin wasan sama-sama. Duk lokacin da rediyon ya lafa sai ya buɗe baki, ya ce a ransa yanzu zan faɗa, sai ya fasa. Ya tuna Yaya, ya tuna hannun da ya riƙe shi gam. Tausayin tsohon da kunyarsa suka haɗu suka hana shi sakat.

Can kusa da tashi, mai sharhi ya ce an ba abokan hamayya bugun kusurwa, har 'yan bayansu duk sun baro gida sun taho.

Mutumin gadon kusa ya juyo yana murmushi, yana jiran a faɗa. Auta ma ya sami kansa yana jira. Duk rayuwarsa bai taɓa jin an buga musu kusurwa Baba bai ce komai ba.

Tsohon ya sa babban yatsa ya kashe rediyon.

"Haba Baba, a daidai nan?" in ji maƙwabcin.

"A nan ya yi mini. Inda muka tsaya ba a ci mu ba."

Ya ajiye rediyon a gefen filo, ya kamo hannun Auta, hannun da ya yi masa aski da safe. Riƙon ba ƙarfi kamar na ranar farko.

"Auta, na sake tunani. Tela ya fi ni gaskiya. Wannan bayan zai ɗore."

Auta ya ɗago ya dube shi. Tsohon na kallonsa kai tsaye, idonsa tar, babu alamar ruɗewa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru bai yarda da 'yan baya ba, wanda ya gama jin golansu na ta birgima a ƙasa. Nan Auta ya gane cewa an sauke masa alkawarin, kuma ba sai ya faɗi komai ba.

Daga can ɗakin masu gadi, inda suke da talabijin, aka ji wani dogon "kash" na mutane da yawa, sai wani ya buga tebur. Maƙwabcin ya sunkuyar da kai, ya san an ci su. Babu shakka Baba ya ji, kunnensa ƙalau yake.

"Ko ba haka ba?" ya ce.

"Haka ne, Baba. Zai ɗore."

"Yauwa. Ka gaya wa Yayarka haka. Sannan jakarka na nan ƙarƙashin gado, ɗauko ka ƙarasa mini ƙeyar nan. Da safe rabi ka yi ka gudu."

Auta ya sunkuya ya jawo jakar. Ya zagaya bayan tsohon, inda ba za a ga fuskarsa ba, ya ɗaura masa tawul a wuya.