Rawayar Dutse da Rawayar Kwari

Mijina Nabor ne yake kiwon awakinmu, ni aikina tatsa da yin cuku. Da ya rasu a shekarar farin nan sai kiwon ya faɗo kaina. Mu uku muka rage a gidan: ni, da 'yarmu Otilia mai shekara shida, da uwar Nabor, Casilda, wadda idonta ya daɗe da rufewa.

A wajenmu akwai wasu 'yan itatuwa biyu da ba su wuce gwiwa ba, dukansu furensu rawaya ne, kuma tare suke fure idan kaka ta yi. Ɗaya muna ce masa rawayar dutse, ɗayan rawayar kwari. Na san sunayen, amma ban taɓa tsayawa na bambanta su ba. Abin da na sani, na sha ganin Nabor ya saki awaki a kan tudu cikin furen rawaya.

Tudun ya bushe ƙayau a shekarar. Sai na gano wani kwari a bayan rijiya, ƙasarsa fari-fari kamar an barbaɗa gishiri, cike da tsiro kore shar mai furen rawaya. Har na yi mamakin yadda Nabor bai taɓa kai su can ba. Mako biyu ina kora su wurin. Nonon bai ragu ba, Otilia tana sha safe da yamma. Ni da Casilda ba ma sha, muna bar mata.

Ana saura kwana uku Ranar Matattu, ranar da a al'adarmu mamata ke kawo ziyara gida ana kuma kai musu fure kabari, muka shirya wa Nabor teburinsa na tarba. Na ajiye hularsa da kyandir da wainar masara, na zuba masa madara a kofinsa na ƙarfe kamar yadda yake so. Da rana tsaka na shigo ɗaukar wuƙa, na tarar da kofin a kife, madarar tana ɗiga daga bakin tebur. Babu iska, ba mu da kyanwa, Otilia kuma tana kwance a ƙarƙashin rumfa, tun safe take cewa ƙafafunta sun yi nauyi. Wainar tana nan yadda na ajiye ta.

Na sake zubawa washegari. Ina tsakar gida ina wanki na ji ƙarar ƙarfe a kan katako. Casilda tana zaune kusa da ni, ita ma ta ji. Ta yi dariya, ta ce ɗanta ko a kabari bai bar tsirfa ba, wataƙila ban ɗumama masa ba ne. Ni ban yi dariya ba. Na ɗauka fushi yake yi da ni, don ranar da zai rasu mun yi cacar baki a kan igiyar guga.

Rana ta uku na je kwarin na yanko furen rawaya rungume guda, tunda mu ba ma zuwa gari sayen furen kabari. A hanyar dawowa na ga ɗan akuya ɗaya tsaye yana makyarkyata, bayansa a ƙage, ya kasa bin uwarsa. Na ce sanyi ne.

Casilda ta ce in miƙo mata furen ta taya ni ɗaurawa. Ta shafa ganyen, ta murza, ta kai hanci. Sai ta daina motsi.

"Eufemia, a ina kika yanko wannan?"

"A inda nake kiwo, Inna."

"Tun yaushe kike kiwo a can, 'yar nan?"

Na faɗa mata. Ta kama hannuna ta danna ganyen a tafina. Ta ce na dutse ganyensa kamar allura yake, idan an murza yana ƙamshin ƙaro, furensa da 'yan kunnuwa a gefe. Wannan kuwa na kwari ne, ganyensa da tsaga-tsaga, yana manne wa yatsa, furensa dunƙule babu kunne. Ta ce akuya mai shayarwa takan ci shi ta kwana lafiya, saboda dafin ta nono yake fita.

"Ba fushi ɗana yake yi da ke ba, madarar yake nuna miki," in ji ta. "Je ki shinshina bakin yarinyar."

Na durƙusa a gaban Otilia. Ta yi amai a gefen tabarma ba ta gaya mini ba. Numfashinta yana wani wari mai zaƙi-zaƙi, irin na 'ya'yan itace da suka fara ruɓa. Hannuwanta suna rawa. Ta tambaye ni me ya sa Baba yake tsaye a bakin ƙofa bai shigo ba. Na waiwaya, ban ga komai ba sai hasken rana a kan dakali.

Na ɗaura wa alfadari sirdi, na ɗora ta a gabana. Daga gidanmu zuwa garin Caborca, inda asibiti yake, tafiyar yini guda ce. Ta yi ta neman ruwa, ina ba ta, tana mayarwa. Wajen la'asar ta daina nema. Na ci gaba da tafiya har gari duk da na san ta riga ta cika, don ban san yadda zan juya da alfadarin ba.

Ɗan akuyan ya mutu kafin in dawo, da wasu huɗu. Iyayensu mata babu wadda ta ko yi tari. Wadda nake tatsar wa Otilia, mai farin goshi, ta yi shekara shida bayan nan, ta haihu sau biyar.