Hannun Mai Wankan Gawa

Shekara ashirin da uku Inna Tayyiba ce ke wanke matan da suka rasu a layinsu na Tudun Wada, har daga Gyallesu akan aiko mata. Sau ɗaya ta karya ƙa'idar aikin. Ta wanke wata matar aure, ta ga shatin bulala a bayanta, sababbi da tsofaffi, ta kasa haɗiyewa. Ta faɗa wa aminiyarta Hajiya Zinatu, ita kaɗai, suna tsintar shinkafa. Mai wanka kuwa ba ta faɗin abin da ta gani a jikin mamaci.

Bayan kwana tara ƙuraje suka feso mata a tafin hannu. Ƙanana, cike da farin ruwa. Sai su bushe su yi duhu, fata ta tsage, wasu su taso a ƙarƙashi. Ta sha rubutu, ta shafa man kaɗanya, ta yi sadaka da sunan matar. Duk lokacin da ta buɗe hannu za ta yi addu'a, bayan matar nan take gani.

Shekara biyu ana haka kafin ta yarda ta je wurin likitan fata, wani matashi mai suna Adnan.

"Inna, mun auna ruwan, babu ƙwayar cuta a ciki. Ba ki ɗauka wurin kowa ba, ba kuma za ki shafa wa kowa ba."

"To daga ina?"

"Jiki ne ke faɗa da kansa. Dalilin, ba mu gama sani ba."

Don ya kwantar mata da hankali ya faɗa. Ita kuwa da ya ce ƙwayar cuta ce da ta fi samun sauƙi.

Ya rubuta mata man shafawa mai ƙarfi, ta shafa ta naɗe da leda. Ya haɗa da man kwalta da basilin. Ya hana ta sabulu da daɗewa cikin ruwa. Idan ya zama dole, ta sa safar roba. Ya ce ciwon ba ya warkewa, lafawa yake yi, kuma wanki ɗaya na iya mayar da ita farko.

Mako shida, tsagar ta haɗe. Ta koma cin tuwo da hannu.

A lokacin Zinatu na kwance, an sallamo ta daga asibiti ba don ta warke ba. Tayyiba ta shiga duba ta.

"Wa ke zuba kwalta a ɗakina?" in ji Zinatu, ido a rufe. "Au, ke ce."

"Mai baki irin naki ba ya saurin tafiya."

"Ina hanya. Saurara. Wata uku ana juya ni da hannun roba kamar kayan mahauta. Ke za ki wanke ni, kuma da hannunki."

"Likita ya hana."

"Likita ne ya goya miki ɗanki Jamaluddeen ranar da kika kwanta naƙuda?"

Ranar Talata da hantsi aka aiko cewa Zinatu ta rasu. Tayyiba ta ɗauki safar roba ta sa a jaka. A bakin ɗakin ta tsaya, ta bar jakar a waje.

Rahma, babbar 'yar marigayiyar, ce ke zuba ruwa. Ganyen magarya, sabulu, kafur a ruwan ƙarshe. Tun a wankin farko hannun ya fara zafi. Tayyiba ba ta tsaya ba. Dama, sannan hagu. Da ta iso ƙafa ta zare safar ƙafar da Zinatu ba ta rabuwa da ita ko a watan zafi, sai ta tsaya cak.

Tafin ƙafar duka biyu. Ƙuraje farare ƙanana, busassu masu duhu, da tsaga har dunduniya.

"Shekara biyu ke nan," in ji Rahma a hankali. "Ta hana mu faɗa miki. Toka da man gyaɗa take shafawa. Ta ce nata rabon ne, na wadda ta saurara."

Tayyiba ta daɗe riƙe da ƙafar. Mako shida maganin yana cikin jakarta, kullum tana zaune a gefen gadon nan.

"Zuba," ta ce.

Ta wanke tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta tsane da ƙyalle. Ta buɗe murya ta sa aka miƙo mata jakar. Rahma ta dube ta, don ba a shafa wa gawa magani. Tayyiba ta riƙe bututun man, ta juya shi, ta mayar. Suka naɗe ta da likkafani.

Da maza suka ɗauki makara ta fito tsakar gida za ta yi alwalar azahar. Tafin hannun ya buɗe a wuri uku, yatsun sun ƙi lanƙwasa a kan buta. Ta zauna a kan turmi ta miƙa hannuwan, Rahma ta durƙusa ta zuba mata.