Dakalin da Ya Ƙi Bushewa

Ranar da aka rushe tsohon murhun, Baldomero Cárcamo bai taɓa guduma ba. Tsayawa ya yi a bakin ƙofa, hannuwa cikin aljihu, yana kallon surukinsa Hernán yana ɓamɓare duwatsun da shi da kansa ya kwaso daga kogi tun yana saurayi. Sun yi baƙi ƙirin, kuma sai da aka sha wuya kafin su saki. Likita a birnin Coyhaique ya riga ya yanke: huhun matarsa Uberlinda ya ƙoshi da hayaƙi, in ta koma ɗakin da wuta ke ci a buɗe, ba za ta ga bazara ba. 'Yarsu Nélida kuwa ta riƙe uwar a gidanta na birni, ta ce sai ranar da sabon murhu ya kama aiki za ta maido ta.

Matsalar ita ce sanyi ya kawo kai. Da zarar dusar ƙanƙara ta rufe hanyar kan dutse, babu motar da za ta sake shigowa kwarin da suke zaune sai ta narke. In Uberlinda ba ta dawo kafin nan ba, tsohon zai ci hunturu shi kaɗai da tumakinsa, ita kuma a ɗakin jikoki, tana kallon bangon maƙwabta. Tun da suka yi aure ba su taɓa raba hunturu ba.

Hernán dai ba malalaci ba ne, a ba shi wannan. Ya jera jan bulo, ya kifa duro a kai, ya shimfiɗa bututu a ƙasa tun daga gindin duron har bango, sannan suka kwaɓa laka da yashi da ciyawa da ƙafa, suka lulluɓe bututun har ya zama dogon dakali. Wai hayaƙi zai bi ta cikinsa ya bar zafinsa a lakar kafin ya fita waje, mutum ya zauna a kai kamar ya zauna a dutsen da ya sha rana.

"Amma Baba, ka ji ni da kyau," in ji Hernán yana wanke hannu. "Lakar nan ɗanya ce. 'Yar wuta kaɗan kullum, da ƙirare kamar yatsa, sai ka bar ta ta mutu. Kada ka sa gungume. Kada ka toshe mata iska. A hankali za ta bushe."

"Wuta ce za ka koya mini, yaro?"

"Wannan ba irin taku ba ce, Baba."

Hernán ya shiga motarsa ya koma wurin aiki. Washegari ruwa ya sauko, irin ruwan yankinsu na Aysén da ba ya tsawa, ba ya gaggawa, ba ya kuma ɗaukewa.

Kullum da safe Baldomero sai ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara, ya cusa 'yan ƙirare a bakin murhun. Wutar ta yi ɗan rurinta, ta cinye, ta mutu, ta bar shi da kunya. Sai ya danna babban yatsa a dakalin, yatsan ya shige. Lakar gumi kawai take yi, ruwa na tsattsafowa ta gindi, har wata ciyawa ta tsiro a kusurwa, koriya shar, kamar da gayya. Abinci a rumfar kayan doki yake dafawa. Barci kuwa da rigar ulu da hula, da kare a ƙafafu. Gidan da bai taɓa rasa garwashi ƙarƙashin toka ba ya koma warin rijiya.

Da la'asar yakan hau tudun bayan garke, inda waya ke kamawa.

"Ya bushe, tsoho?" Uberlinda za ta tambaya, muryar na fita da ƙyar.

"Saura kaɗan."

"Haka ka ce shekaranjiya. Kana cin abinci kuwa? Ka rufe dankalin? Ni fa na gaji da gidan nan, ko shayin mate ba su iya haɗawa ba, sukari suke zubawa."

Sai tari ya ƙwace maganar. Ya tsaya cikin ruwa yana saurare har ya lafa, babu abin da zai iya yi mata daga kan tudu. Kowace rana in ya juya zai sauka, sai ya ga farin da ke kan duwatsu ya ƙara gangarowa.

Ana cikin haka maƙwabcinsa Don Ruperto Mansilla ya zo a kan doki, wai ya ga abin da ake ta magana. Ruperto mutumin kirki ne, amma irin mutanen nan ne da ba su taɓa ganin abu sun ce ba su san shi ba. Ya zagaya dakalin, ya shafa, ya leƙa bakin murhun ya ga 'yan ƙiraren, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Kai, mutumina! Da wannan za ka busar da laka? Ko safa ba za ta bushe ba! Wutar 'yan tsana kenan."

"Yaron ya ce a bi a hankali."

"Yaron da ke kunna wuta da maɓalli? Tanda nawa muka gina ni da kai? Yaya ake gasa ta? A ba ta wuta ta ji a jikinta, da yamma a sa mata gungume a rufe, ta kwana tana ci. Ka dubi dutsen can. Kwana kaɗan ya rage maka, in ba so kake tsohuwa ta yi hunturu a birni ba."

Suka zauna a rumfa ƙoƙon mate na zagayawa tsakaninsu. Baldomero ya san abin da surukinsa ya ce. Amma ya kuma san abin da ubansa da kakansa suka yi, da duk wani mai gida a kwarin nan: ba a barin wuta ta mutu, kuma wutar da ba ta da gungume ba wuta ba ce. Tsoro ne ya cika shi, ba taurin kai ba. Ya miƙe ya nufi rumbun itace.

Suka ɗura mata busasshen itace tun hantsi. Murhun ya yi ruri kamar babbar mota na hawa tudu, duron ya yi ja, dakalin ya fara tururi har tagogi suka yi raɓa. A karo na farko ɗakin ya yi ɗumi, Baldomero ya cire hula, har ya yi murmushi. Ruperto na ta cewa, "Ka gani? Ka gani?" Da rana ta yi sanyi suka faskara gungume daidai bakin, suka tura shi da ƙafa, suka toshe iskar da bulo.

Ƙarar farko ba ta fi ta karya ƙirare ba. Sai ta biyu. Tsaga ta taso daga gindin duron ta bi dakalin har bango, ta yi rassa. Wutar da aka toshe ta rasa hanyar ja, hayaƙi ya fara fitowa ta kowace kafa, rawaya, mai kauri, mai ɗaci. Suka kwaɓa laka suna liƙewa, in sun toshe nan ya ɓullo can. Gungumen kuwa ya cije a ciki, ba ya fita, ba ya mutuwa. Ruperto ya sosa ƙeya ya ce lallai yashin yaron ne bai da kyau, ya hau dokinsa.

Washegari da hantsi Baldomero na tsaye a tsakar ɗakin, ƙofa da tagogi a buɗe, hayaƙin na nan rataye a ƙarƙashin rufi ya shige barguna da labule, sai ya ji ƙarar mota. Nélida ce. Rediyo ya ce dusar za ta sauko da daddare, uwar kuma ta hana kowa sakat tun asuba, ta ce ai tsoho ya ce saura kaɗan, ko a ɗanyen dakali za ta zauna.

Nélida ta shigo ita kaɗai. Ta dubi tsagar, ta dubi rufin, ta dubi ubanta da laka har gwiwar hannu. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Baba, ba zan iya sauke ta a nan ba."

"Na sani."

"Ɗauko kayanka mu tafi tare."

"Tumakin fa? Wa zai ba su ciyawa?"

Ya fita zuwa motar. Uberlinda na zaune a gaba cikin mayafin ulu, jakarta a kan cinya, takalman gida ma ta riga ta saka. Ta sauke gilashi. Iska ta kwaso warin hayaƙin daga jikinsa, tarin ya kama ta, ya ja da baya da sauri don kada ya ƙara mata. Daga nan ya tsaya, nesa da ita kamar baƙo.

Da ta samu numfashi, ta daɗe tana kallon gidan ta bayan kafaɗarsa. Ba ta tambayi abin da ya faru ba. Ta san mijinta, ta kuma ga sawun dokin Ruperto a laka.

"Ka rame," ta ce.

"Zan gyara shi. Da bazara."

"To."

Nélida ta tayar da mota, don sama ta riga ta yi nauyi. Uberlinda ta leƙo da kai, da muryar da ta saba yi masa faɗa da ita.

"Jeka ka rufe ƙofar nan, tsoho. Ka bar ta a buɗe gidan zai huce."

Ya koma ya rufe ta. Kafin ya juyo motar ta sha kwana.